Gola ta Biyu

Shekara goma sha ɗaya Danƙo ta yi tana sa rigar ƙasarta, amma ba ta taɓa tsayawa a raga a wata babbar gasa ba, ko na minti ɗaya. Ita ce gola ta biyu. An yi gola ta farko har uku a gabanta, kowacce ta ci zamaninta ta wuce, ita kuwa tana nan a benci da safar hannunta a kan cinya. Tun tana sakandare aka laƙaba mata sunan Danƙo, don a lokacin in ƙwallo ta taɓa hannunta sai dai a ɓamɓare. Yanzu shekarunta talatin da huɗu, yaran ƙungiyar ba sa iya kiran sunan kai tsaye, sai su ce Anti Danƙo. In suna son tsokanarta su ce benci ya fi katifarta sanin nauyinta. Takan yi dariya tare da su. Idan ba a sansani take ba, malamar motsa jiki ce a wata firamare, tana koya wa yara tsallen igiya a filin da rabinsa tsakuwa ce.

Wannan ce gasa ta uku da aka je da ita, kuma ba sai an faɗa mata ba, ta san ita ce ta ƙarshe. Kafaɗarta ta dama ta fi shekara tana damunta. Da safe sai ta tsaya a ƙarƙashin ruwan zafi kafin hannun ya yarda ya ɗagu. Ba ta faɗa wa likitar tawaga ba, ba ta faɗa wa Koci ba. Gola ta biyu ba ta da abin da take yi sai atisaye, shi kuwa atisaye mutum yana iya zaɓar ɓangaren da zai faɗi.

A otal an haɗa ta ɗaki ɗaya da gola ta farko, wata yarinya 'yar shekara goma sha tara da ake kira Kyanwa. Danƙo ba ta taɓa ganin mai tsaron gida irinta ba. Ba ta da tsawo sosai, amma kafin ɗan wasa ya gama shawarar inda zai buga ta riga shi zuwa wurin. Ga surutu, ga ci. Takan kwaso burodi daga ɗakin cin abinci ta ɓoye a aljihun rigar sanyi, ta zauna a gado tana ci tana ba Danƙo labarin gidan da za ta gina wa mahaifiyarta idan wata ƙungiyar waje ta saye ta. Danƙo ta so ta ji haushinta, ta kasa.

Ƙasashe huɗu ne a rukunin, biyu za su wuce zagaye na gaba. Wasan farko masu masaukin baƙi suka ci su biyu da nema, kuma ba a ji kunya ba, don Kyanwa ta tare ƙwallaye sun fi goma. A wasa na biyu ne aka yi musu ruwan ƙwallaye. 'Yan baya suka watse tun minti na goma, aka bar yarinyar ita kaɗai kamar an manta da ita. Shida aka zura mata. Biyar babu golan da zai iya tare su. Ta shidan kuwa wata 'yar sassauƙar ƙwallo ce da ta zo tana gangarowa, Kyanwa ta sunkuya za ta ɗauka, ta zame ta tsakanin ƙafafunta ta shige. Da aka tashi, sakamakon ɗaya wasan ya iso, lissafi ya ƙare: ko me suka yi a wasa na uku, gida za su koma.

Washegari da hantsi ƙwallo ta shidan nan ta gama zagaya wayoyin mutanen gida. An yanko ta, an sa mata kiɗa, an haɗa ta da hoton kaza tana saka ƙwai. Danƙo ta dawo daga karin kumallo ta tarar da Kyanwa kwance ta juya wa bango fuska, wayarta tana ta ƙara a kan filo. Ta ɗauki wayar ta duba. Ba ta karanta saƙo ya kai goma ba ta kashe ta, ta jefa cikin jakarta. Wasu suna cewa an saye ta, wasu suna cewa ta koma kicin, wani ya rubuta sunan layin da shagon mahaifiyarta yake. Danƙo ta sauka ta kawo mata shayi da burodi. Har azahar suna nan inda ta ajiye su. Da yarinyar ta yi magana, abin da ta ce kawai shi ne yayanta ya kira, ya ce uwarsu ba ta buɗe shago ba yau.

Da yamma bayan atisaye Koci ya ce Danƙo ta tsaya. Dattijo ne mai fama da hawan jini, ya san shi ma kwanakinsa a aikin ƙidayayyu ne. Suka zauna a kan akwatin kankara a gefen fili, sauran suna hawa mota.

"Jibi ke za ki kama," ya ce.

Ta daɗe tana tsara yadda za ta ji ranar da za a faɗa mata wannan magana. Sai ta ji kanta tana tambayarsa dalili. Koci bai yi mata ƙarya ba. Ya ce shugaban tawaga ne ya kira shi ɗakinsa, ya ce mutanen gida suna son su ga an hukunta wani, kuma ba ya son ya sake ganin yarinyar nan a raga. Gola ta uku ta karya yatsa tun makon farko, saura Danƙo.

"Ni da son raina ne ita zan sa," in ji Koci. "Yarinya irin wannan, in ba ta koma raga da zafinta ba, ba za ta sake komawa ba. Na ga irin haka. Amma ba ni da hujjar da zan ba su, tunda kina nan lafiyarki ƙalau." Ya dube ta. "Lafiyarki ƙalau, ko ba haka ba?"

Hujjar tana nan a kafaɗarta. Kalma ɗaya za ta faɗa, likita ta duba ta rubuta, dole a mayar da Kyanwa ko shugaban tawaga yana so ko ba ya so. Danƙo ta kalli ragar da ma'aikata suke kwancewa. Ta tuna shekara goma sha ɗaya, ta tuna mahaifinta.

"Ƙalau, Koci," ta ce.

A cikin mota ta kira gida. Mijinta mai gyaran firiji ne, duk unguwa Injiniya ake ce masa, ita ma haka take kiransa. Da ta faɗa masa ya fashe da dariya, ya ce ashe za a ga wannan rana. Ya kai wa surukinsa wayar. Baban Danƙo tsohon direban motar asibiti ne, shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, yana zaune a gidansu. Shi ne ya riƙa kai ta fili a bayan keke lokacin da dangi suke cewa ya ɓata tarbiyyar yarinya. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, sai an kasa kunne. Ya sa ta maimaita ranar da lokacin har sau biyu. Ya ce wa Injiniya a fito da talabijin falo, a aro kujeru, a faɗa wa maƙwabta.

Abin da ya fi mata wuya shi ne komawa ɗaki. Ta tarar da Kyanwa ta tashi zaune, ta naɗe ƙafafu a kan gado. Ta faɗa mata a tsaye, ba tare da ta ajiye jaka ba.

"Gara haka, Anti," yarinyar ta ce. "Ni ko ciyawar filin ba na son gani."

Danƙo ta riƙe wannan magana da hannu biyu, ta yi ta maimaita wa kanta ita har ranar wasa.

An sa wasan ƙarfe uku na rana, a wani ƙaramin fili da ke wajen gari, don a daidai lokacin ne masu masaukin baƙi suke nasu wasan a babban filin. Ka'ida ce, wasannin ƙarshe na rukuni tare ake buga su. Abokan karawarsu su ma suna bakin rami: sai sun ci da tazarar ƙwallo huɗu za su wuce.

A ɗakin sauya kaya Danƙo ta shige banɗaki da bandeji, tana ƙoƙarin ɗaure kafaɗar da hannun hagu, tana riƙe bakin da haƙori. Sai ga Kyanwa ta turo ƙofa. Ba ta tambayi komai ba. Ta karɓi bandejin, ta ce ta ɗaga hannu iya inda zai iya, ta naɗe shi tsaf ta bi da filasta. Ta ce ai kullum da safe tana jin ta tana nishi in za ta sa riga. Ta ƙara da cewa lamba tara ta abokan karawar in za ta buga fenariti hagun gola take kaiwa, ta kalli bidiyonta.

Ana yayyafi suka fito. 'Yan kallo ba su kai ɗari biyar ba, yawancinsu 'yan makaranta ne da aka kawo a mota. Aka sa taken ƙasa, Danƙo ta rera tare da sauran. Ta je raga ta taɓa turakun biyu, ta tofa yawu a safar hannu, alƙaliyar wasa ta busa.

Minti ashirin na farko ta yi wasan da ta san tana da shi a jikinta duk shekarun nan. Abokan karawar suka zo mata kamar an ɓalle musu ƙofa. Ta tare ɗaya da ƙafa, ta doke ɗaya ta bi ta saman raga, ta fito ta kwashe wata daga ƙafar lamba tara. Tana yi wa 'yan bayanta tsawa, suna ji. Har ta fara jin ɗumi a ƙirjinta, irin wanda ta manta da shi. A minti na ashirin da bakwai aka bugo kwana ta ɓangaren dama. Ta yi tsalle, ta san ta kai, amma hannun ya tsaya a rabin hanya kamar an riƙe shi ta baya. Ƙwallon ta wuce saman yatsunta da kaɗan, wata ta sa kai.

A hutun rabin lokaci Koci bai yi dogon bayani ba. Ya ce su riƙe mutuncinsu, ya haɗiye ƙwayar maganinsa. Likita ta kalli yadda Danƙo take riƙe gorar ruwa da hagu, ta buɗe baki za ta yi magana, Danƙo ta kau da kai.

Minti goma da dawowa aka ba da fenariti. Lamba tara ta ajiye ƙwallo. Danƙo ta faɗi hagu, ta ji ƙwallon ta daki tafin hannunta ta yi waje. Yaran suka rufe ta suna ihu, kyaftin tana dukan bayanta. Sai ta ga alƙaliyar ta sa yatsa a kunne tana sauraro. Masu duba bidiyo sun ce ƙafarta ta bar layi kafin a buga, a sake. Wannan karon lamba tara ta kai dama. Danƙo ta gane, ta bi ta, ta faɗi da dukan nauyinta a kan kafaɗar. Ta ji wani abu ya tsinke a ciki. Ƙwallon tana raga.

Ta daɗe a kwance. Da ta tashi ta ga Koci a bakin layi yana juya hannuwansa, yana tambayarta ko a canza ta. Ta dubi benci. Kyanwa tana can ƙarshe, ta lulluɓe kanta da tawul, ba ta ko kallon fili. Danƙo ba ta san ko don yarinyar ta yi ba ko don kanta, ta ɗaga hannun hagu ta ce a'a.

Ta uku ta shiga a minti na saba'in da takwas, daga nesa, ta dama, inda kowa a filin ya riga ya gane ba ta iya kaiwa. Saura ɗaya abokan karawar su wuce. Suka tare gaba ɗaya a gidanta, har golarsu ta hau. A cikin ƙarin lokaci lamba tara ta samu ƙwallo ita kaɗai, taku huɗu daga raga. Danƙo ba ta da hannun da za ta miƙa, sai ta jefa jikinta gaba ɗaya. Ƙwallon ta same ta a fuska ta yi sama. Aka busa tashi.

Uku da nema. Su sun fita, waɗancan ma sun fita. 'Yan wasa ashirin da biyu suka zube a jiƙaƙƙiyar ciyawa, babu mai murna ko ɗaya, 'yan makarantar kuwa tuni malamansu suka fara jera su zuwa mota. Lamba tara ta zo ta durƙusa kusa da ita tana kuka, ta faɗi wata magana da yarensu. Danƙo ba ta san ko yabo ba ne ko zagi. Jini yana zuba daga hancinta, ta dafa kan yarinyar da hagu.

A ɗakin sauya kaya, da auduga a hanci, ta kira gida. Injiniya ya ɗauka, muryarsa a sanyaye. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar jikinta, kafin ya faɗa. Gidan talabijin wasan masu masaukin baƙi ya nuna. Nasu ba a nuna ba, sai 'yan lambobi a kusurwar allo suna canzawa. Ya gwada nemowa a waya, abin yana ta juyawa bai buɗe ba. Maƙwabta sun zauna har hutun rabin lokaci, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa ya ƙi a taɓa tashar, ya ce za su juyo da ita, ya zauna minti casa'in yana jira da sabuwar rigarsa. Sai bayan an tashi aka nuno ƙwallaye ukun da aka ci, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Ta ji ana gyara wa tsohon waya a kunne.

"Uwata," ya ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Na gan ki. Sau uku."

"Na'am, Baba."

"Kin kama ko ɗaya?"

"Na kama, Baba. Da yawa."

"To, madalla," ya ce. Ta ji numfashinsa na ɗan lokaci, sannan Injiniya ya karɓi wayar ya ce ya gaji, bari a kwantar da shi.

Washegari da safe shugaban tawaga ya tara su a ɗakin taro na otal. Ya yi magana ta minti arba'in a kan kishin ƙasa. A ƙarshe ya ce hukuma ta sallami Koci, ta kuma rufe sansanin mata har sai an yi nazari. Babu wanda ya tambayi yaushe za a gama nazarin. A filin jirgin gida ba wanda ya zo tarbarsu sai direban motar hukuma da dangin wasu. Yayan Kyanwa ya zo da kansa, ya karɓi jakarta bai gaishe da kowa ba, ta bi shi a baya da hular sanyi har gira.

Likitan ƙashi ya ce jijiyar kafaɗar ta tsinke, kuma ta daɗe da fara lalacewa, ko an yi aiki hannun ba zai ƙara wuce kunnenta ba. Ta koma makaranta tana kaɗa igiya da hagu. Malamai suka yi mata sannu da zuwa, wasu ba su ma san an yi wasa na uku ba. Wata huɗu ba a ji komai daga hukuma ba. 'Yan wasan suka watse, kyaftin ta koma sayar da kayan kwalliya, biyu suka yi aure. Lambar Kyanwa ba ta shiga.

Maganar amsar da ta ba Koci ta ƙi barin Danƙo. Ta faɗa wa Injiniya wata rana yana kwance bayan wani firiji a tsakar gida, ya ce ta daina ɗora wa kanta, ko ta yi magana waɗancan mutanen sai sun sami wata hanyar. Ba ta gamsu ba. Ranar wata Asabar ta hau motar safe, tafiyar awa huɗu, ta yi ta tambaya har aka nuna mata shagon mahaifiyar Kyanwa.

Shagon kayan roba ne, bokitai da kujeru da kwanduna an jera har bakin titi. Kyanwa tana ciki a kan wata 'yar kujera. Ta yi ƙiba kaɗan. Ta tashi da sauri ta rungume ta, ta ce Anti ke ce da kanki, ta goge mata kujera, ta kawo ruwa. Suka yi hirar hanya da jikin Baba. Danƙo ta tambaye ta ko tana zuwa fili, ta ce a'a, ƙungiyarta ta kira sau biyu ta daina. Ta faɗi haka ne kamar tana ba da labarin wata.

Sai Danƙo ta faɗa mata abin da ya kawo ta. Ta faɗa mata maganar Koci a kan akwatin kankara, da tambayar da ya yi mata, da amsar da ta ba shi.

Kyanwa ta murza murfin wani bokiti.

"Ai ni na ɗaure miki kafaɗar, Anti," ta ce. "Ni ma ina da baki, ban faɗa ba."

"Da na yi magana, da kin shiga?"

Yarinyar ta kalli titi. "Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila da na shiga."

Wata mata ta tsaya a ƙofa da goyo tana tambayar babban baho. Kyanwa ta ce tana zuwa, ta tashi ta shiga can ciki tana sauko da su daga inda aka jera su, matar tana cewa ba wannan launin ba. Bayanta wasu biyu suka shigo. Danƙo ta zauna ta shanye ruwanta. Motar ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi, ga tashar da nisa. Ta miƙe ta ce za ta wuce. Kyanwa ta leƙo daga bayan tulin kujeru ta ce ta gaida Baba, ta yi haƙuri ba za ta samu raka ta ba, babu kowa a shagon.